Daga Iligan Zuwa Manila Neman Takardar Zama

Jirgin ruwan ya bar tashar Kagayan de Oro, a kudancin Filifin, da daddare, bayan mun sha zaman jira tun la'asar. Maiɗakina ta rungume wata jakar leda mai zif a ƙirjinta, ta ƙi yarda a sa ta cikin akwati. Duk aurenmu yana cikin jakar nan: takardar aure, takardar haihuwarta, fasfona, hotuna, da wasiƙar da muka sa wa hannu mu biyu muna roƙon Hukumar Shige da Fice ta Filifin ta ba ni izinin zama a ƙasar a matsayin mijinta.

A Jidda muka haɗu. Ni ina aikin gwajin jini a wani asibiti, ita kuma nas ce a ɗakin yara. 'Yar ƙabilar Maranawo ce, Musulmin da ke zaune a gewayen tafkin Lanawo a tsibirin Mindanawo. A can aka ɗaura mana aure, a can aka haifi 'yarmu, kuma ban taɓa kawo wa raina zan bar Saudiyya in nufi wani wuri ba gida Katsina ba. Sai yaƙin Marawi ya ɓarke ranar 23 ga Mayu, 2017. Wata biyar sojoji suna gwabzawa da 'yan bindigar Maute a tsakiyar birnin, gidan surukaina yana cikin waɗanda suka zama kufai. Suka yi gudun hijira zuwa Iligan, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba, suka kama haya. Bayan 'yan shekaru Allah ya yi wa mahaifinta rasuwa, aka bar tsohuwa da hawan jini da kewar gida. Ranar da maiɗakina ta ce mini tana son komawa kusa da mahaifiyarta, ban sami bakin musu ba. Ni ma ina da uwa.

Da bizar baƙunci na shiga ƙasar, wadda suke kira 9(a), na yi ta zuwa ana ƙara mini wa'adi ina biyan kuɗi. Zaman wucin gadi ke nan, ba aiki, ba kwanciyar hankali. Abin da muke nema shi ne biza mai lamba 13(a). Lambar ta fito ne daga sashe na 13, sakin layi na farko, na dokar shige da fice ta 1940, wadda har yau da ita ake aiki. Ita ce ta ba miji ko matar ɗan ƙasa damar zama. Sai dai ba kowa ba. Sharaɗin shi ne ƙasarka ita ma tana yi wa 'yan Filifin irin wannan alfarmar, a yi maka yadda kake yi wa mutane. Wanda ƙasarsa ba ta cikin jerin, izinin zama na ɗan lokaci ake ba shi, ya riƙa sabuntawa.

Hukumar tana da ofisoshi a wasu birane, amma muka zaɓi hedikwata a Manila, domin yayan maiɗakina yana kasuwanci a can, muna da masauki. Jirgin sama awa ɗaya da rabi ne. Na ruwa kuwa ya fi awa 30, amma da kuɗin kujera ɗaya ta sama sai mu biyu mu je ta ruwa har da guzuri.

Wanda ya tashi a Katsina, inda babban ruwa shi ne dam ɗin Jibiya, sai ya yi shiru idan gari ya waye masa a tsakiyar tsibiran Bisayas. Ko ta ina ka waiga tsibiri ne kore shar, wani da ƙauye a gindinsa, wani ba kowa sai bishiyoyin kwakwa. Ƙananan kwale-kwalen masunta masu fukafukan gora a gefe biyu suna yawo kamar gizo-gizo a kan ruwa. Ɗakinmu babban zaure ne cike da gadaje masu hawa biyu, ga kwalaye, ga buhuna, ga yara. Surukata ta ɗaure mana fastil, wato shinkafa da zararren naman kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, da kwalbar falafa, wani yaji nasu na citta da barkono da wata irin albasa. Ranar farko da na ɗanɗana shi na ce wannan ɗan'uwan yajinmu ne, sai dai shi ɗanye ne.

Da lokacin azahar ya yi muka sami wani lungu mu huɗu, ni da wasu fatake Maranawo uku. Ɗayansu ya duba wayarsa ya nuna alƙibla, muka juya wajen faɗuwar rana. Wata takwas ina ƙasar, amma har ranar abin bai daina taɓa ni ba. A Hausa idan an ce mutum yana kallon gabas, an san salla ake nufi. A Jidda ma Makka tana gabas da mu. Yau ga ni na zagayo bayan Ka'aba, ina kallon yamma, kuma idan ka miƙa layin ya wuce Makka, can gaba gida ne.

Mun sauka tashar jiragen ruwa ta Manila da hantsi. Yayanta ya tarbe mu ya kai mu Kiyapo, unguwar da Musulmi suka yi kaka-gida a tsakiyar birnin. Masallacin Zinariya yana nan, wanda aka gina a 1976 domin ziyarar Gaddafi, ziyarar da ba ta yiwu ba, masallacin kuwa ya zauna. Lungunan da ke kewaye da shi cike suke da masu sayar da hijabi da dabino da wayoyi da abincin halal. Kunnena ya daɗe da sabawa da kalmominsu na zumunta, domin sun yi kusa da namu: uwa Ina ce, kawu ko baffa kuwa Bapa. Duk dattijon da na gaisar da Bapa sai ya riƙe hannuna ya tambayi ƙasata.

Takardun sun ci mana mako biyu kafin mu doshi hedikwatar. Aurenmu tun muna Jidda muka kai rahotonsa ƙaramin ofishin jakadancin Filifin, daga can ya bi hanyarsa zuwa hukumar ƙididdiga ta ƙasa, PSA, mai ajiye bayanan haihuwa da aure da mutuwa. Kwafin da PSA ta buga a kan takardarta ta musamman shi ake so, shi da takardar haihuwar matar, wadda ke nuna 'yar ƙasa ce. Duk mai irin wannan niyya ya fara da wannan rajistar tun da wuri, don takan ɗauki watanni. Tunda na wuce wata shida a ƙasar, sai da na karɓo shaidar rashin laifi daga hukumar bincike ta NBI, aka dangwala yatsuna goma. Sannan na je ofishin kula da lafiyar masu shigowa da ke unguwar tashar jiragen ruwa, inda ake duba 'yan wasu ƙasashe, har da namu. Na nuna katin rigakafin shawara, aka duba sakamakon gwaje-gwajena, aka ba ni shaida.

A nan ne muka gano kuskuren da ni na yi da hannuna shekaru da suka wuce. Sunan mahaifina a fasfo da harafin “u” yake, ni kuwa da nake cike fam ɗin aure a Jidda na rubuta shi da “o”, yadda yake a katin aikina. Harafi ɗaya. Maiɗakina ce ta hango shi da daddare tana jera takardu a kan tabarma, ta yi salati. Washegari muka je wurin lauya mai shaida rantsuwa, na rantse a rubuce cewa mai wannan suna da mai wancan mutum ɗaya ne. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Ranar shigar da takardu muka hau jifni tun da asuba, motar haya mai dogon baya da benci biyu suna fuskantar juna. Kuɗin mota daga hannu zuwa hannu yake bi har ya isa ga direba, canji ma ya dawo ta haka, ba wanda ke ƙirga na wani. Hedikwatar tana cikin Intramuros, tsohon birni mai ganuwar dutse, a kan titin Magallanes, bakin kogin Fasig. Turawan Sifen ne suka kafa birnin a 1571, a kan garin wani sarki Musulmi, Raja Sulaiman. Mutumin da ya girma yana wucewa ta Ƙofar Ƙaura ba ya ganin ganuwa ya wuce bai tsaya ba. Na dafa dutsen, baƙi ne, gansakuka ta kama shi, kaurinsa ya isa mota ta bi ta kai a wasu wuraren.

A bakin titi wani ya matso ya ce zai taimaka mana a gama komai cikin sauri idan mun ba shi wani abu. Maiɗakina ta amsa masa da Tagalog cikin ladabi, ta ja hannun rigata muka wuce. Ba a shiga ginin da gajeren wando ko silifas. Ni kaftani na sa, ruwan toka, da hula zanna, domin a wurina ranar ba ta gaza ranar ɗaurin aure ba.

A ciki ga duniya nan a kan kujerun roba. Tsofaffin Turawa da matansu, 'yan Koriya, Indiyawa, ɗalibai daga Afirka ta Yamma, wani Balarabe yana rarrashin jariri. Muka karɓi lamba. Da aka kira mu, ma'aikaciyar ta buɗe fayil ɗin tana bin takardun ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Ta duba fasfona, ta gyaɗa kai. Da ta zo kan takardar rantsuwa ta tsaya, ta karanta har ƙasa, ta kwatanta sunayen biyu, sannan ta juya shafi. Sai a lokacin na lura na riƙe numfashina. Muka biya kuɗi a wurin kashiya, har da dala 50 na katin shaidar baƙi, aka ba mu rasit ɗauke da ranar da za mu dawo a yi mana tambayoyi.

Wannan zaman tambayoyin shi ne zuciyar al'amarin, kuma dole mu biyu mu halarta. Ƙaramin ofis ne, da tebur da tutar ƙasa da tarin fayiloli. Jami'in ya tambaye ni inda muka haɗu, shekarar aurenmu, sunan 'yarmu, da abin da zan riƙe iyali da shi. Na amsa. Sai ya juya wurinta, suka koma Tagalog, na tsinci kalma ɗaya biyu kawai. Na ga ta miƙe zaune, ta ɗora tafin hannunta a kan fayil ɗin, ta yi magana a natse ba ta ɗaga murya ba. Da muka fito na tambaye ta me ya ce.

Ta ce, “Abban yarinya, tambayata ya yi ko da son raina na kawo ka, kuma ko na tsaya maka. Na ce masa na tsaya.”

A takardun nan ita ce mai nema, ni wanda ake nema wa. Shekara goma sha ɗaya na yi a Saudiyya da iƙama, na san abin da ake nufi da kafili, na san yadda zaman mutum yake rataye a sa hannun wani. Amma can asibiti ne, ba ya sanina sai da lamba. A nan matata ce. A gida mu muke zuwa ɗauko amarya, a kai ta gidan miji tana kuka, danginta su ce ga amana nan. Ban taɓa tsayawa na auna nauyin abin da ake ɗora wa yarinya ranar nan ba sai da na zauna a kujerar da ake karɓar baƙo. Idan auren ya mutu, bizar tana iya bin sa. Filin da muke tara kuɗin saye a Iligan da sunanta za a rubuta, domin tsarin mulkin 1987 ya hana baƙo mallakar ƙasa. Wasu mazan da na zanta da su a layi abin yana ci musu rai. Ni ban ga aibu ba a ƙasa ta kare gonakin 'ya'yanta, kuma matar da ta bi ni Katsina sau biyu ta durƙusa ta gaida mahaifiyata da Hausar da ta koya a waya, ba zan ji tsoron inuwarta ba.

Aka ɗauki hotona da zanen yatsuna domin katin da suke kira ACR I-Card. Sauran aiki jira ne, sai shugabannin hukumar sun zauna sun amince. Na cika kwanakin da taya surukina tsaron shago, da yawo a cikin ganuwa. Na shiga kurkukun Santiyago, inda aka tsare Jose Rizal, gwarzon ƙasar, kafin a harbe shi ranar 30 ga Disamba, 1896. An dasa sawun ƙafa na tagulla a ƙasa, suna nuna hanyar da ya bi ya fita. Na bi su a hankali har ƙofa.

A mako na bakwai sunana ya fito a jerin da hukumar ke sawa a shafinta na intanet. Muka kai fasfo aka buga hatimi. Shekara ɗaya ce ta gwaji. Kafin ta cika sai mu sake haɗa takardu mu nemi a mayar da ita ta dindindin, kuma ko bayan an mayar, kowace shekara cikin kwana 60 na farko zan kai kaina a rubuta cewa ina nan.

Mun iso Iligan da yamma ana yayyafi. 'Yarmu ta fito da gudu ba takalmi. Ina, surukata, tana zaune a bakin ƙofa cikin malon ɗinta, zanen nan nasu mai kama da buhu, na durƙusa na gaishe ta na miƙa mata fasfon. Ba ta karanta Turanci, amma ta buɗe shafin da aka nuna mata, ta shafa hatimin da babban yatsa, ta tambayi 'yarta har yaushe. Aka ce mata shekara ɗaya tukuna. Ta sa aka ciro kalandar da ke jikin bango, ta ce in zagaye mata ranar da biro, sannan ta ce a zubo mini abinci.