Godiya bayan jinyar Baba da ziyarar da muka kai wa Frankel

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Baba ya sauka Kano jiya da daddare, kuma da ƙafarsa ya taka daga mota zuwa zaure. Wata uku ke nan da muka kawo shi Ingila a keken marasa lafiya domin aikin ciki. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na rubuto nan.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ba shi lafiya. Sai likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi ta fama da tsohon da ba ya son allura. Yaya, ke kika sayar da filinki ba tare da kin shawarci kowa ba, Allah ya musanya miki da gida a Aljanna. Kawu da ya riƙe gida, da matan 'yan'uwanmu na Kambrij da suka riƙa aiko da kunun gyaɗa a fulas kullum safiya, Allah ya saka muku da alheri.

Akwai kuma wanda ban san yadda ake yi masa godiya ba, domin doki ne, dokin tsere na Ingila mai suna Frankel.

Waɗanda suka san Baba sun san rabin rayuwarsa a filin sukuwa ya yi ta. Bayan aikin cikin sai ya daina magana, ya ƙi abinci, ya juya fuska bango. Wani ma'aikacin jinya, mutumin Newmarket, garin dawakin tsere na Ingila, ya ji ina cewa tsohon mai doki ne, sai ya ciro wayarsa ya kunna masa tseren 2000 Guineas na ranar 30 ga Afrilu, 2011. Tun daga tashi Frankel ya fice, kafin a yi rabi ya ba sauran tazarar da ta haura tsawon doki goma. Baba ya ɗago kai ya ce, "Kai, yaron nan ya kashe dokin nan, ba a fara mil guda da irin wannan gudun." Dokin bai mutu ba, ya shiga da tazarar tsawon doki shida. Baba ya ce a sake kunnawa. A daren nan ya sha kunu.

Daga nan aikinmu ke nan, ni da shi. Tsere 14 Frankel ya yi tsakanin 2010 da 2012, ya ci 14, goma daga ciki a ajin ƙoli, kuma Tom Queally ne ya hau shi a dukkansu. Mun kalle su ɗaya bayan ɗaya har Baba ya haddace. Na farko, a Agustan 2010, da rabin tsawon doki kawai ya tsere wa Nathaniel. Na Queen Anne a filin sukuwar Ascot a 2012 kuwa tsawon doki 11 ya ba Excelebration, wanda shi ma gwarzo ne, ƙaddara ce kawai ta haɗa su zamani ɗaya. Bayan wannan tseren ne masu auna dawaki na Timeform suka ba shi maki 147, mafi yawa da suka taɓa ba dokin tseren fili.

Amma abin da ya fi kama Baba labarin mai horar da shi ne, Sir Henry Cecil. Tun 2006 aka gano yana da sankarar ciki. Da ciwon ya karɓi ɗan dukushin da ba ya jin linzami, mai son ya ƙare tsere tun a farkonsa, ya yi ta lallaɓa shi har ya koyi jira. Har ɗan'uwansa Bullet Train, uwarsu ɗaya, aka riƙa sa masa a gaba ya ja gudu don ya samu wanda zai bi. Ranar tseren ƙarshe, 20 ga Oktoba, 2012, ƙasa ta jiƙe, dokin ya makara wajen tashi, duk da haka ya wuce Cirrus des Aigles. Cecil ya fito hira muryarsa ta dishe, da ƙyar ake jin sa. Ya rasu a Yunin 2013. Baba ya daɗe yana kallon fuskar mutumin, sannan ya ce mini, "Wannan da ciwo a cikinsa yake fita kilisa da asuba, ni kuwa ina kwance. Miƙo min sandata."

Kada ku ɗauka ya sallama gaba ɗaya. Har yau yana ƙorafin cewa Frankel bai taɓa fita daga Ingila ya yi tsere ba, bai shiga babban tseren Derby na Ingila ba, bai je Faransa ya gwada babban tserensu na Arc ba. A ganinsa gwarzo sai ya ci a garin wasu. Ni kuwa na ce masa 'ya'yansa sun biya bashin: Adayar ya ci Derby a 2021, Alpinista ta ci Arc a 2022, Cracksman ya ci Champion Stakes sau biyu. Ya ce wannan ladan uwayensu mata ne. Muka bar ta a nan.

Mako guda kafin tafiyarsa, ma'aikacin jinyar nan ya haɗa mu da masu shirya ziyara zuwa Banstead Manor, gidan kiwon marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, inda aka haifi dokin a 2008 kuma yake zaune har yanzu. Ina gode musu ƙwarai da haƙurin da suka yi da tafiyar Baba. Da aka fito da ingarman, ja mai baƙar geza, da fari a goshi da fararen ƙafafu huɗu, Baba bai kalli fuskarsa ba. Kofato ya fara dubawa, sai gwiwa, sai ƙirji, ya roƙa a ɗan zaga da shi ya ga takunsa. Da na faɗa masa cewa kuɗin bayen goɗiya ɗaya ya tashi daga fam 125,000 a 2013 zuwa fam 350,000 a 2024, sai ya yi salati ya ce to tasa goɗiyar ta yi haƙuri, godiya kawai ya zo yi.

Ga ma'aikacin jinyar nan da ba zan ambaci sunansa ba: ba ka jin Hausa, amma zan karanta maka wannan da bakina. Na gode.

'Yan'uwa masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, likita ya ce ya riƙa hutawa da rana. Kuma duk wanda ya je ya shirya, sai ya kalli tseren Guineas kafin a sallame shi.