Ƙannena masu shirin kai amarya yawon Prag

Duk wanda Allah ya hore wa zai ɗauki matarsa zuwa Prag, babban birnin ƙasar Cek, don Allah kar ya zauna shi kaɗai ya tsara tafiyar. Ni haka na yi, na raba dare a intanet ina rubuta wurare a takarda, fada da coci da gada da hasumiya, na jera su awa bayan awa, ban tambayi uwargida me take so ta gani ba, a zatona gwaninta nake mata. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Tsohon garin kusan duk titunansa da ƙananan duwatsu aka shimfiɗa su, ni na karanta haka amma ban gaya mata ba, ta fito da takalmin kwalliya mai tsini. Muka tashi daga dandalin tsohon gari muka nufi Gadar Charles, wadda Sarki Charles na huɗu ya sa aka fara ginawa a 1357 a kan kogin Vltava, tsawonta ya haura mita 500, ga gumaka 30 jere dama da hagu. Da tsakar rana muka je, mutane maƙil kamar Kantin Kwari ana jibi Sallah, ina gaba ina duba takarda tana bina, muka haye muka kama hawan tudun da tsohuwar fadar sarakunan ƙasar take da ƙafa, alhali taragon titi mai lamba 22 yana kai mutum har kusa da ƙofa. Da muka isa sama gaban cocin St. Vitus, wanda aka fara a 1344 ba a gama ba sai 1929, ta samu dakali ta zauna ta cire takalmi, dunduniyarta duk ta yi bororo. Ta ce min, "Baban yara, ni fa tun safe ban ga komai ba sai bayanka." Wallahi ban samu abin cewa ba.

Saboda haka ku zauna tare tun a gida, kowa ya zaɓi nasa, wuri biyu a wuni ya isa. Ku saya mata kambas mai taushi kafin ku tashi. Gadar nan kuma ku je mata bayan Asuba, lokacin ba kowa sai ɗaiɗaiku, za ku iya tsayawa ku kalli fadar daga nesa ku yi hotonku ba mai bangaje ku, da rana kam wahala kawai za ku sha.

Agogon nan da ake ta magana, na jikin tsohon ginin majalisar gari, tun 1410 yake, yana nuna tafiyar rana da wata, idan awa ta cika wani ɗan ƙwarangwal ya kaɗa ƙararrawa, gumakan manzannin Kirista su gifta ta taga, ko minti ɗaya ba a yi an gama. Ya cancanci gani, amma kar ka tsayar da matarka rabin awa cikin turmutsitsi don shi, kuma jaka ta dawo gaba saboda 'yan sane.

Abinci ne inda na fi yin sakaci. Mutanen Cek suna cin naman alade sosai, idan ka ga an rubuta vepřové to shi ne, har miyar naman shanu ma a kan sa mata kitsen alade, don haka sai ka tambaya. Ni ban nemi wurin halal tun kafin mu fito ba, muka yi ta zagaye da yunwa har kanta ya fara ciwo, kuma yunwa da gajiya su ne suke kawo faɗan da ba dalili tsakanin miji da mata. Akwai gidajen abincin Turkawa da Larabawa da 'yan Pakistan, ka sa musu alama a taswirar wayarka tun a masauki. Yaji ku zo da abinku, amma ban da kilishi ko dambu, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga waje, ƙwacewa za a yi.

Sallah ma a lissafa da ita, masallatai 'yan kaɗan ne a garin. A watan Yuni sai bayan ƙarfe 9 na dare ake Magariba, a Disamba kuwa wajen ƙarfe 4 rana ta faɗi. Da na sani da na ƙara kuɗi na kama otal kusa da tsakiyar gari, mu dawo da Azahar mu yi sallah ta ɗan kishingiɗa, sannan mu sake fita da yamma, maimakon mai araha can nesa da na kama.

Kuɗinsu koruna ne ba yuro ba, kuma wani ɗan shagon canji kusa da dandali ya cuce ni saboda ban karanta farashi da kyau ba kafin na miƙa kuɗi. Daga baya na ji dokarsu ta ba ka awa 3 ka soke cinikin idan ka riƙe rasit, ni kuwa na riga na yar da nawa. Tikitin tarago ma sayensa bai isa ba, da zarar kun shiga ku zura shi cikin ɗan injin nan ruwan ɗorawa ya buga lokaci, naka da nata, don masu bincike suna shigowa cikin kayan gida, kuma ba sa karɓar uzurin baƙunta, tara ce a take.