Saƙon godiya daga iyalan Baba Kansila

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. A madadin Inna da ƙannena da dangi baki ɗaya ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga jinyar mahaifinmu har zuwa jana'iza da sadakar bakwai, maƙwabtanmu na Birni da suka ɗauke mana girki da shimfiɗa, mutanen Zango da Garin Malam, da waɗanda suka taso daga Miriya, Magarya da Matamai cikin wannan rana, wasu ma a kan babur. Allah ya bar zumunci, ya mayar da kowa gida lafiya.

Da yawa cikin matasan da suka zo gaisuwa Baba Kansila kawai suka sani, to malamin lakwal ne kafin siyasa. Ya fara da zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, ya zama kansila a kominin ƙauyenmu cikin yankin Miriya, sai a Janairun 2011 da aka fara zaɓen majalisun jaha jam'iyya ta sa sunansa a jerin ƴan takara ya samu kujera a majalisar jahar Damagaram. Wa'adin shekara 5 ne amma aka yi ta ɗage zaɓe ana ƙara musu lokaci har 13 ga Disamba 2020, a wannan zaɓen ne ya faɗi, sunansa yana ƙasa a jeri kuma kujerun da jam'iyya ta samu ba su kai kansa ba. Wallahi mu ne muka fi shi jin zafi, shi kam washegari ya je gidan wanda ya shiga ya yi masa barka. Da sojoji suka rusa majalisun a Afrilun 2024 ma bai ce uffan ba, alhali mu a gida har da ƴar dariyar mugunta.

Abin da mutane ba su gane ba, kansila ba ɗan majalisar dokoki na Yamai ba ne, ba shi da albashi sai ɗan kuɗin zama in an kira taro, amma ƙofar gidanmu kullum cike take, wannan takardar magani, wannan rijiyar garinsu ta rufta, wancan ɗansa aka kora daga lakwal, shi kuma ya ɗauki takardu ya yi ta zarya ofis ofis, wani a dace wani a'a. Ban ce duk ya biya ba, akwai garuruwan da har yau suna jiran ruwan da ya yi musu alkawari.

Godiya ta musamman ga abokan hamayyarsa na da, su ne sahun gaba wajen ɗaukar makara, ɗaya daga cikinsu ma shi ya kawo buhun shinkafa da gero bai bari an faɗi sunansa ba. Haka tsofaffin ɗalibansa da suka haɗa kuɗin magani, da ma'aikatan asibiti da suka yi haƙuri da mu, da malaman da suka sauke Alƙur'ani.

Duk mai bin Baba bashi, ko wanda ya ba shi ajiyar takarda ko ta fili, don Allah ya same ni ko Kawu a gida bayan la'asar kafin a zauna rabon gado. Wanda ya saɓa wa kuma ya yafe masa. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan.