Maradi zuwa Bermo a Land Cruiser, da rigimar ƙaramin liba

Kaya muka ɗauka zuwa Bermo, buhunan hatsi da gishiri da jarkokin mai, a Land Cruiser ɗin nan mai buɗaɗɗen baya, 79, mai injin 1HZ na gazuwal, silinda 6 lita 4.2. Bayan asuba muka bar Maradi muka bi ta Tibiri muka karya arewa hanyar Dakoro, ni a gaba kusa da direba, wani dattijo da ba ya son surutu, yaron motarsa kuma na baya bisa kaya. Har Dakoro ba wani labari, an tsaya shingen jandarma an nuna takardu, mun sha shayi mun wuce.

Bayan Dakoro rairayi ya fara, nan na ga aikin ƙaramin liban nan da ke gefen babban na bitesi, wanda direbobinmu ke ce ma krabo. H2, H4, N, L4 aka rubuta a kansa. Baba direba ya tsaya, yaron ya diro ya murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba daga FREE zuwa LOCK, ya rage ma tayoyi iska, sannan aka sa H4. A H4 saurin motar bai canza ba, kawai dai tayoyi huɗu ke ja maimakon biyun baya. Sai wajen kwarin Tarka da muka tarar da yashi mai cin taya ya tsaya cak ya jawo L4, wannan shi ke rage gudu ya ninka ƙarfi sama da sau 2, injin na ihu mota na rarrafe kaman kunkuru amma wallahi ba ta nutse ba, ga kaya fal.

A hanyar komowa gardama ta tashi. Mun ɗauko wani saurayi makanike da ya je gyaran injin rijiya, shi kuma duk abin da ya gani a waya sai ya kawo shi. Ya ce a Ostareliya akwai masu sayar da haƙoran da ake canzawa cikin akwatin krabo, su sa H ɗin ya haura 1:1 da kamfani ya yi, wato juyin da ke fita daga akwatin ya fi wanda ke shiga, in ka hau gudron injin ya rage juyi. Lissafinsa daidai ne fa, in an rage kashi 10 cikin 100, injin da ke juyi 2,500 a minti ya komo 2,250 a gudu ɗaya, ƙara ta ragu, wai har gazuwal ma. Kuma gaskiya motar nan bitesi 5 gare ta, in ta miƙe bisa gudron sai ka ji kaman tana neman na 6 babu.

Baba ya bar shi ya gama tas sannan ya ce, "Ɗana, wannan na masu tahiya da mota wayam ne. Ni da ka ɗora ma tan guda, injin ba turbo, in na rage mai juyi kowane ɗan tudu sai na komo bitesi na 4, to ina ribar?" Ni dai bayan Baba nake. 1HZ injin ne mai jimiri amma ba mai ƙarfin a zo a gani ba, kuma kuɗin kawo haƙoran da duwan da aikin kwance akwati, ka sha shekaru kana sayen gazuwal da su. Su ma masu sa manyan tayoyi abin da ke samunsu kenan, juyi ya ragu amma mota ta yi nauyin tashi.

Abin da Baba ya yi da muka fito rairayi shi ne gyaran da ba a biyan ko dala. Ya maida liba H2, inda biyun baya kaɗai ke ja, yaron ya murɗa makullan zuwa FREE, a Dakoro muka tsaya wurin mai faci aka cika iska. Ya ce motar ba ta da abin raba gudu tsakanin gaba da baya, in ka bar ta a H4 bisa busasshen gudron, a kwana tayoyin gaba na son su fi na baya juyi an ɗaure su tare, sai sitiyari ya yi tauri, taya ta cinye, wata rana akwatin ya fashe. Makullan kuma in suna LOCK, ƙarafan gaba duka na ta juyi a banza suna shan mai.

Makaniken bai yarda ba har Tibiri yana ta nuna mana bidiyo, Baba ya ce ya sayi tashi motar ya gwada. Ana kiran isha'i muka shiga Maradi.