Kufan Ailan da ba a sa wa garma

Wanda ya san yadda mutanenmu a Sakkwato ke kauce wa tsohuwar kuka ko tsamiyar kufai da magariba, ba zai yi mamakin manoman Ailan ba, tsibirin da ke yamma da Birtaniya. A karkararsu akwai kufai masu siffar zobe fiye da 40,000. Na ƙasa suna ce musu ráth ko lios, na dutse kuma caiseal. A bakin tsofaffin ƙauye, gidajen mutanen ɓoye ne.

Gane su ba wuya: tudun ƙasa a zagaye, faɗin cikinsa wajen mita 30, rami yana bin bayansa, ƙofa ɗaya, galibi tana duban gabas. Ƙasar da aka haƙo daga ramin ita aka tara ta zama katanga. Kada mai karatu ya hango Surame, birnin Kanta. Waɗannan shingen gida ɗaya ne, na manomi da iyalinsa da shanunsa, akasarinsu daga shekarar 500 zuwa 1000 miladiyya.

Saboda tsoron mutanen ɓoyen nan, akwai hani guda uku a kan kufan. Ba a noma cikinsu, ba a ɗebe dutsensu, ba a sare itacen ƙaya mai farin fure da ke tsiro a kai. Wanda ya yi kunnen ƙashi, an ce nonon shanunsa zai ƙafe, ko ciwo ya shiga gidansa. Wasu har dakashin saniyar da ta haihu suke zubawa a gindin itacen.

Akwai haɗarin da ba na iskoki ba. A ƙarƙashin wasu kufan an gina ɗakin ƙasa da duwatsu, rumbu ko maɓoya, an rufe da fala-falan duwatsu. Tarakta mai nauyi na hawa, sai rufin ya burma. Kofaton shanu ma yana cinye katangar in ƙasa ta jiƙe.

A 1999, da za a yi babbar hanya a Latoon, cikin yankin Clare, mai tatsuniya Eddie Lenihan ya tsaya kai da fata a kan wani irin wannan itacen ƙaya, aka kuwa bar shi tsaye a gefen titi. Ni a ganina tsoron nan ya fi hukuma tsare kufan. Dokar dai tana nan: mai gona da zai taɓa kufan da ke cikin rajistar kayan tarihi sai ya sanar da gwamnati a rubuce, wata 2 kafin ya fara aiki.