Aikina kan furotin a guringuntsin dawaki masu ciwon gaɓa

A ɗakin gwaje-gwajen wata makarantar likitancin dabbobi a Turai, aikina shi ne karɓar guntayen guringuntsin da likitocin tiyata suka ciro daga gaɓoɓin ƙananan dawaki. Zan fitar da ƙwayoyin halittar da ke cikinsu, in duba irin furotin da suke yi, in kwatanta da na doki mai lafiya. Cutar da muke bi ita ce ostiyokondorosis, wadda ta addabi masu kiwon dawakin sukuwa da na tsalle.

Idan aka haifi duƙushi, ƙarshen ƙasusuwansa guringuntsi ne mai kauri. Yana girma, ɓangaren ciki na rikiɗa ya zama ƙashi, har a bar siririn guringuntsi mai santsi a fuskar gaɓa. To, wani lokaci sai wuri guda ya ƙi rikiɗa, ya tsage, wani yanki ya ɓalle ya riƙa yawo a cikin gaɓar. An fi ganin haka a gaɓoɓin ƙafar baya. Mai doki ba ya lura sai an fara horo, gaɓa ta tara ruwa ta kumbura, wani lokaci da ɗingishi. Sai a ɗauki hoton ƙashi, a zura siririyar kyamara a ciro yankin. Daga nan yake isowa teburina a cikin ƙanƙara.

Guringuntsi abu ne mai rowa. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, sauran galibi saƙar wani furotin mai kama da zare ce, wato kolajin nau'i na 2, da wani sinadari mai riƙe ruwa, agirikan. Ƙwayoyin halittar 'yan kaɗan ne, kowace a zaune a ɗan raminta. Sai ka yayyanka yankin ƙanana, ka zuba shi cikin sinadarin da ke narkar da kolajin, ka bar shi ya kwana a zafin digiri 37, da safe ka tace. Abin da za ka samu sau da yawa bai isa gwaji ba, dole ka raine su a faranti su hayayyafa.

A nan ne aikin ya fara koya mini hankali. Ƙwayar guringuntsi a jikin doki dunƙulalliya ce. Da zarar ta manne a faranti sai ta baje, ta yi tsawo, kuma duk juyin da aka yi mata zuwa sabon faranti sai ta rage yin kolajin nau'i na 2, ta koma yin nau'i na 1, irin na tabo. Ke nan yawan da kake nema yana cinye gaskiyar da kake nema. Shi ya sa ban yarda da sakamakon da aka samo daga ƙwayoyin da suka daɗe a faranti ba, komai kyan hotonsa. Gara kaɗan ɗin da suke kusa da asalinsu.

Rarraba furotin kuwa aikin haƙuri ne kawai. Ana ware su a kan wani falle mai kama da daskararren kamu, da farko bisa cajinsu, sannan bisa nauyinsu, su fito ɗigo-ɗigo. Ɗigon da ya bambanta tsakanin mai ciwo da mai lafiya sai a yanke shi, a farfasa furotin ɗin da tiripsin, wani sinadari mai yayyanka furotin, a miƙa wa na'urar awon nauyin sinadarai ta faɗi ko wane ne.

Bambancin da na gani ya taru ne a wurare kaɗan: furotin da ke tallafe siffar ƙwayar daga ciki, irin su bimentin da aktin, da waɗanda ke taimaka wa sabon furotin ya naɗe daidai, waɗanda kan ƙaru idan ƙwaya na cikin matsi, sai kuma masu gina saƙar da ke kewaye da ita. Wannan bai yi nisa da abin da wasu suka wallafa ba. A 2014 masu bincike a Faransa sun nuna matsala a sassan ƙwayar da ke samar da kuzari da waɗanda ke harhaɗa furotin, a 2019 kuma wasu a Jami'ar Perujiya ta Italiya suka fitar da nasu jerin furotin da suka sauya. Na yi murna ƙwarai da ɗigon farko da na tabbatar. Amma tambayar da ta hana ni sakat ita ce: wannan sauyi shi ya kawo cutar, ko cutar ce ta kawo shi?

Lokaci ne matsalar. A Utirek ta ƙasar Holan an riƙa ɗaukar hoton gaɓoɓin wasu ƙananan dawaki wata-wata, aka wallafa a 1999 cewa da yawa daga cikin lahanin da ke bayyana suna warkewa da kansu. Wanda ya wuce wata 5 a gaɓar da ke ƙasan gwiwar baya, ko wata 8 a gwiwar kanta, shi ne yakan zauna. Aikin Kristin Olstad da abokanta a Nowe kuma ya nuna mafarin abin tun a makonnin farko: guringuntsin duƙushi yana da ƙananan jijiyoyin jini na wucin gadi, idan ɗaya ta yanke kafin lokacinta, ƙwayoyin da take ciyarwa sai su mutu, wurin ya kasa zama ƙashi. Ni kuwa dawakin da nake samun guntayensu sun kai shekara ɗaya ko biyu. Kamar mutumin da ya iso kasuwa wata guda bayan gobara ne: zai ga masu share toka da masu kafa sabuwar rumfa, amma ba zai ga inda wutar ta tashi ba. Ƙwayoyin da ke hannuna waɗanda suka tsira ne, suna fama da gyara.

Akwai kuma batun abin kwatance. Ba wanda zai ba ka lafiyayyen duƙushi mai tsada ka yanki gaɓarsa. Daga mahauta muke samun lafiyayyen guringuntsi, kuma dawakin can ba lallai su yi daidai da marasa lafiyar a shekaru ko iri ba. Duk ɗigon da ya bambanta, sai na fara tambayar kaina ko shekaru ne suka bambanta shi.

Wannan bai zubar da darajar aikin a idona ba, sai dai ya sauya abin da nake nema a cikinsa. Jerin furotin ɗin nan labarin gyara ne, kuma gyaran shi ne abin sha'awa, tun da wasu dawakin na warkewa ba tare da wuƙa ba. Idan aka gane furotin da ke raba gaɓar da za ta warke da wadda ba za ta warke ba, aka kuma iya gano shi a ruwan gaɓa ko a jini, likita zai san wanda zai jira da wanda zai yi wa tiyata.

Masu dawakin folo a gida sukan tambaye ni abin da za su yi. Abin da nake iya faɗa musu da tabbaci bai fito daga farantina ba. Gado na da hannu a cutar, saboda haka a duba uba da uwa. Gwajin da aka yi a Ostareliya a 1993 ya nuna duƙushin da aka ɗura wa abinci mai kuzari kusan kashi 30 cikin 100 sama da buƙatarsa ya fi samun lahanin, don haka kada a cika masa hatsi don a ga ya yi saurin girma. A kula da sinadarin jan ƙarfe a abincin goɗiya mai ciki, domin saƙar kolajin ba ta ƙarfi sai da shi. A kuma bar duƙushi ya riƙa motsa jiki kullum a fili, maimakon a tsare shi a barga kwana da kwanaki sannan a sake shi ya yi ta zabura.