Kwana shida ina fama da diram ɗin bayan Bitil ɗin mahaifina

Shekara goma sha ɗaya Bitil ɗin mahaifina ta yi a tsaye ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gidanmu, tun lokacin da ƙafarsa ta daina iya taka kuloci. Ƙirar 1978 ce, cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Volkswagen ta Ojo a Legas, wadda ta fara aiki a 1975. Da aka zo rabon gado bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya waiwaye ta. Ni kuwa a kujerar bayanta na yi ƙuruciyata, a cikinta ake kai mu gaisuwar Sallah, don haka na roƙa a sa ta cikin kasona.

Duk fargabata a kan injin take, sai ga shi bai ba ni wata wahala ba. Matsalar ta fito ne ranar da muka yi wa tayoyin iska, muka taru mu huɗu za mu turo ta waje. Tayoyin gaba suna juyawa, na baya biyun ko motsi, sai jan ƙasa. Ashe ranar da mahaifina ya ajiye ta ya ja birkin hannu, haka ya zauna a jaye damina goma sha ɗaya.

A Bitil, hob ɗin baya, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, da diram ɗin birki abu ɗaya ne, tare aka zuba su. Tsakiyarsa akwai rami mai haƙora, bakin shaf, sandar ƙarfen da ke juya taya, shi ma haƙora gare shi, sai su shige cikin juna. Abin da ke riƙe su noti ne guda ɗaya tal, mai lamba 36, mai tsage-tsage a kai kamar rawanin ganuwa, da fin da ake zurawa ta cikin shaf don kada ya warware. Duk wanda zai ga birkin baya, dole sai ya cire wannan notin ya zaro diram.

Notin a ƙasa ake kwance shi, mota na kan tayoyinta, an sa mata waigi gaba da baya. Ƙarfin da yake ci ya isa ya ture mota daga kan jak, kuma na ji labarin waɗanda hakan ta rutsa da ƙafarsu. Na miƙar da fin da filaya na zare, na sa soket, na zura wa hannunsa fayif ɗin ruwa mai tsawon mita ɗaya da rabi, na danna da dukan nauyina. Sai da na ji kamar fayif ɗin zai lanƙwashe, sannan ya yi ƙara "ƙas" ya saki. Duka ɓangarorin biyu hagu ake juya su wajen kwancewa, babu mai zaren baibai. Na ɗaga motar, na ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, na cire tayoyi, ina ganin ai an ci rabin aiki.

Da na hagu na fara, kuma a nan na yi ɓarna. Na ja da hannu bai zo ba. Na ɗauko ƙarfen cire taya na cusa tsakanin diram da farantin da ke bayansa ina banƙara. Da hakan bai yi ba na ɗauko guduma na rinƙa dukan bakin shaf, wai ko zai ja da baya ya saki. Kwana biyu ina wannan. Ranar na uku na ɗauki noti zan gwada mayarwa, ya ƙi hawa, bakin shaf ya baje kamar kan tsohon turke. Farantin baya kuma ya lotsa wuri biyu. Na daɗe zaune a kan bulo ina kallon abin da na yi wa motar da mahaifina ya riƙe shekara da shekaru ko kwarzane babu, raina duk a ɓace.

Wani maƙwabcinmu ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike da ya yi zamani da irin waɗannan motoci, yanzu ya bar wa yaransa gareji. Ya zo da yamma bayan La'asar, babu akwatin kayan aiki, sai sukundireba ɗaya a aljihun gaba. Ya tsuguna, ya shafa bakin shaf da babban yatsa, bai ce komai ba a kan ɓarnar. Ya kama diram da hannu biyu ya gwada juyawa.

"Ɗana, me ya riƙe ta?"

Na ce, "Tsatsa ce, Baba."

"Tsatsar ina? Wuri biyu take kamawa. Kai wanne kake duka?"

Ban da amsa. Sai ya zauna a kan tayar da na cire ya yi mini bayani dalla-dalla. Riƙo na farko na takalman birki ne. Shekaru suna gogar cikin diram har su haƙa wa kansu hanya, bakin diram da ba sa taɓawa ya zama kamar leɓe. In takalman na buɗe, bayan leɓen nan suke maƙalewa, ballantana a ce birkin hannu ya danne su har tsatsa ta manne su da ƙarfen. Riƙo na biyu na haƙoran tsakiya ne. Muddin diram ba ya juyawa, to na farko bai saki ba, kuma duk jan da za ka yi takalma da sifirin da fin-fin ɗinsu kake yagewa.

Ya sa ni na shiga cikin motar na ɗage robar da ke gindin birkin hannu tsakanin kujerun gaba, na sassauta notocin wayoyin biyu har suka yi lako-lako. Sannan muka kwanta a ƙasa ya nuna mini ramuka biyu a ƙasan farantin baya, waɗanda ban taɓa lura da su ba don laka ta toshe su. Cikin kowanne akwai ɗan ƙarfe mai haƙora kamar tauraro, shi ke tura takalmi ko ya janye shi. Abin da ya ce kada in manta, taurarin biyu ba gefe ɗaya ake juya su ba, in ka sassauta wannan ta sama, ɗan'uwansa ta ƙasa zai sassauta. Namu duk sun ƙage. Muka ɗiɗɗiga musu kananzir da aka gauraya da baƙin mai, muka bar su suka kwana.

Washegari da ɗan ƙwanƙwasa a hankali suka fara tafiya, haƙori ɗaya bayan ɗaya. Da suka koma ƙarshe, Baba ya karɓi gudumar, ya sa guntun katako, ya bi jikin diram yana bugawa a zagaye, bugu mara ƙarfi irin na mai gwada tukunya a kasuwa. A zagaye na uku muka ji wani abu ya ce "tak" daga ciki, garin tsatsa ja ya zubo ƙasa. Ya ɗaura notocin taya biyu, ya gitta ƙarfe tsakaninsu, ya juya. Diram ya juya, yana kuka, amma ya juya.

Saura haƙoran tsakiya. Na kawo shawarar aro fula mai ƙafa uku, wato ƙarfen da ake jawo diram da shi, ya girgiza kai. Ita bakin diram take kamawa, shi kuwa zubin ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa, ko ya murɗe ko ya tsage. Ja daga tsakiya ake yi, ta ramukan da ake ɗaure taya. A nan Bitil ta yi sauƙi, domin notocin tayarta masu jela ne, cikin diram ɗin kansa suke shiga. Muka je wurin mai walda da taya ɗaya don ɗaukar awo. Ya yanko faranti mai kauri, ya huda ramuka huɗu daidai da na taya, ya huda tsakiya ya like wani ƙaton noti, muka sayi dogon bol da zai bi ta ciki ya tokari bakin shaf. Kuɗin duka bai kai na diram ɗaya ba.

Muka fara da na dama, wanda ban taɓa ba. Baba ya mayar da notin 36 a juye, ya tsaya daidai da bakin shaf, don ya kare zaren kuma ya tare diram in ya fizgo. Ya ɗaure bol ɗin har ya yi tauri, ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa gindin hob, ya ƙara kwata ɗin juyi, ya sake tsayawa. Na ce ko a sa wuta, ya yarda da kaɗan, a wuyan hob kawai, ɗumin da yawu zai yi "cuu" a kai, domin boris da shaf ke juyawa a kai da sil, robar da ke tare mai, suna nan daf a baya, kuma man giya na bayansu. Wajen minti ashirin muna haka. Sai ƙara kamar an fasa ƙwarya, diram ya matso da faɗin yatsa. Daga nan da hannu muka ƙarasa.

Abin da ke ciki: gidajen zanzaro uku, takalmi ɗaya fatarsa ta ɓare ta manne a jikin diram, ga baƙar ƙura jingim. Na kumbura baki zan hure, Baba ya riƙe kafaɗata. Tsofaffin takalman birki da asbestos ake yinsu, ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita. Da jiƙaƙƙen tsumma muka goge.

Na hagu sai da na wuni da ƙaramin zarto mai kusurwa uku ina gyara zaren da na baje, layi-layi, kafin noti ya yarda ya hau, sannan muka sa masa fular. Da ya fito muka tarar man giya ya jiƙe takalman, sil ya mutu. Ko tsufa ne ko dukan da na yi, shaf ɗin dai kan boris yake zaune, kuma duk gudumar da na sauke a kansa can ta ƙare. Na canza boris da sil na ɓangaren duka.

Wajen mayarwa na goge haƙoran da buroshin waya, na shafa giris shafe ɗaya siriri. Ɗaurin notin kilo 30 ne a kan hannu mai tsawon mita ɗaya. Ba ni da sifana mai awo, amma nauyina kilo 75 ne, don haka na auna santimita 40 daga tsakiyar soket na yi alama da alli a jikin fayif, na daidaita shi a kwance, na hau na tsaya cak a kan alamar ba tare da tsalle ba. In ramin fin bai zo daidai da tsagar noti ba, gaba ake ƙarawa, ba a komawa baya. Noti mai sako-sako shi ke sa diram ya rinƙa wasa har haƙoransa su cinye, wata rana ka sa giya injin na kuka mota na tsaye. Fin kuma sabo na sa, tsohon da aka miƙar ya riga ya gaji.

Farantin da na lotsa mun buga shi ya miƙe, amma har yanzu yana ɗan gogar diram in an sha kwana. Na ba da saƙo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a nemo mini na wata da aka yanka. Ranar Juma'a da safe na sauke motar daga kan ƙafafun ƙarfe, na cire waigi, ni da ƙanena muka dafa ta daga baya, ta gangaro daga ƙarƙashin rumfar har tsakar gida. Birkin hannun a sauke na bar shi, na sa ta a giya ɗaya, na tokare tayar da dutse.